Koriya da Sin: Abin da Kunne Ya Ji da Abin da Ido Ya Gani

A farkon shekara ta 1637 Sarki Injo na Koriya ya fito daga kagarar Namhansan, inda mayaƙan Manchu suka kewaye shi fiye da kwana 40. Aka kai shi wani wuri da ake kira Samjeondo a bakin kogin Han, ya durƙusa sau 3 a gaban sarkin Manchu, ya kai goshi ƙasa sau 9. Suka kwashi mutanensa da yawa suka tafi da su bauta. Bayan shekara 7, wato a 1644, Manchu ɗin nan suka ci birnin Beijin, suka zama sarakunan ƙasar Sin duka, suka kuma tilasta wa mazan ƙasar su aske gaban kansu, su bar tukku a kitse yana reto a baya.

Tun daga wannan lokaci malaman Koriya suka riƙe abin a zuciya. Kowace shekara sarkinsu yakan aika da manzanni su kai gaisuwa Beijin, gama ba shi da ƙarfin ƙi, amma a gida ana koya wa yara cewa wayewar Sin ta mutu tare da gidan sarautar Ming, abin da ya ragu daga cikinta kuwa yana Koriya kaɗai. Waɗansu malamai har suka ƙi lissafta shekaru da sunan sarakunan Manchu, suka ci gaba da ƙidaya daga zamanin sarkin Ming na ƙarshe, wanda ya daɗe a kabari. Iyakar ƙasa a rufe take. In banda manzanni da tafintoci da 'yan fatake kaɗan, mutumin Koriya yakan tsufa ya mutu bai taɓa sa Basine a ido ba, amma ya san sarai cewa ya raina shi.

A damunar sanyi ta 1765 wani malami mai suna Hong Dae-yong, mai shekara 30 da 'yan kai, ya bi kawunsa cikin ayarin manzanni zuwa Beijin. Mutum ne mai son lissafi da ilimin taurari. Suna can, a farkon 1766, wani daga cikin ayarin ya tafi Liulichang, kasuwar littattafai, neman tabarau. Ya gamu da waɗansu samari biyu sanye da tabarau, ya roƙa su sayar masa. Ɗaya daga cikinsu ya cire nasa ya miƙa masa, ya ƙi karɓar ko anini. Mutumin ya koma masauki ya ba da labari, Hong ya ce lalle a kai shi ya ga waɗannan mutane.

Sunansu Yan Cheng da Pan Tingyun, daga birnin Hangzhou a kudu, sun zo rubuta jarrabawar shiga aikin sarki. Daga baya abokinsu Lu Fei ya zo ya same su. Hong ba ya jin maganarsu sosai, su kuwa ba su jin tasa ko kaɗan, amma rubutu ɗaya suke karantawa, gama a zamanin malaman Koriya da haruffan Sin suke rubutu. Sai suka zauna da takarda da tawada da alkalamin gashi, wannan ya rubuta tambaya, wancan ya rubuta amsa, tun hantsi har yamma. Sun sadu haka sau 7. Suka yi ta muhawara a kan littattafan masu hikima, da aure, da makoki, da tufafi. Hong ya ga yadda hankalinsu yake tashi in zance ya kai ga tukkun da aka tilasta musu, har sukan yayyage takardun da suka rubuta abin da zai iya jawo musu fushin hukuma. Ya gane cewa mutanen da aka koya masa ya raina, su ma wulakancin Manchu suke sha, suna kuwa da ilimi da kunya da mutunci. Kafin su rabu suka ɗauki juna 'yan'uwa.

Da ya komo gida ya tattara takardun ya mai da su littafi. Wani malami, Kim Jong-hu, ya rubuto masa da zafi, yana zarginsa da ƙulla abota da masu askakken kai waɗanda suke neman aiki a fadar baƙin haure. Hong bai janye ba. Ba su ƙara ganin juna da abokan nan ba, wasiƙa kuma takan yi shekara a hanya. Yan Cheng ya kamu da zazzaɓi ya rasu a 1767. Marubucin nan Park Ji-won, abokin Hong, ya rubuta cewa sa'ad da ajali ya matso, Yan Cheng ya sa a kawo masa tawadar Koriya da Hong ya ba shi, ya sansana ƙanshinta, aka kuma sa masa ita cikin akwatin gawa.

Abotar nan ta haifi abin da ya fi ta girma. Samarin da suke zama wurin Hong suka ɗokanta su gani da idonsu. Park Je-ga ya tafi a 1778, Park Ji-won ya tafi a 1780. Suka komo suna rubutu a kan keken shanu, da tubalin da aka gasa, da jiragen ruwa, da yadda manoman Sin suke tara taki, suna cewa wauta ce mutum ya zauna da talauci don yana ƙyamar koyo daga maƙwabcinsa. Ana kiran wannan ra'ayi Bukhak, wato koyo daga arewa. Fada ba ta saurare su sosai ba, amma littattafansu suna nan har wa yau ana karanta su a makarantun Koriya.

Ta hanyar ayarin manzannin nan ne kuma bangaskiyar Kirista ta shiga Koriya. A 1784 aka yi wa wani saurayi, Yi Seung-hun, baftisma a Beijin, ya komo da littattafai. Firist na fari da ya zauna tare da masu bi a Koriya Basine ne, Zhou Wenmo, wanda mutanen Koriya suke kira Ju Mun-mo. Ya haye iyaka a ɓoye a ƙarshen 1794. Cikin 'yan watanni aka tona shi. Sa'ad da dogarai suka zo, maigidan da ya sauke shi, Choe In-gil, wanda yake jin Sinanci, ya zauna a maimakonsa ya ce shi ne baƙon, don firist ya sami zarafin tserewa. Aka gane, aka yi masa dūka tare da abokansa biyu har suka mutu. Wata mace, Kang Wan-suk, ta ɓoye firist ɗin a gidanta kusan shekara 6. A 1801, da tsanani ya yi yawa, ya kai kansa ga hukuma yana fatan a sassauta wa jama'arsa, aka fille masa kai a bakin kogin Han. Ita ma aka kashe ta a wannan shekara.

Mai karatu zai iya cewa ashe gani ya kori ji, da zarar mutane sun zauna tare ƙiyayya takan gushe. Tarihin shekaru 100 da suka biyo baya bai yarda da wannan magana da sauƙi ba.

A 1882 sojojin Koriya suka yi tawaye, Sin ta aiko da mayaƙa kimanin 3,000, 'yan kasuwa wajen 40 suka biyo su. A 1884 aka yanka wa Sinawa unguwa a tashar jiragen ruwa ta Inchon. Daga nan ne zuriyar da ake kira Hwagyo ta fara, wato Sinawa mazaunan Koriya. Yawancinsu daga lardin Shandong suke, wanda ke ƙetaren teku kurum. Akwai masu sayar da alharini da yadi, akwai masu lambu da suke ciyar da birane da kayan miya, da magina, da wanzamai, da masu gidajen abinci. Leburori kuma sukan ƙetaro da bazara su koma gida da sanyi, kamar 'yan ci-rani. Japan ta haɗiye Koriya a 1910. Wajen 1930 Sinawa a ƙasar sun haura 60,000.

Yanzu kam ana ganin juna kowace rana. Amma wane irin gani? Matar gida tana sayen kabeji wurin mai lambu, ba ta san sunansa ba. Lebura ɗan Koriya yana tsaye a bakin wurin aiki, yana kallon ɗan kwangila ya ɗauki ayarin mutanen Shandong domin sun yarda da lada kaɗan, suna kwana wuri ɗaya, suna da shugabansu. Baƙin suna da makarantunsu da ƙungiyoyinsu, da yawansu ba su kawo iyali ba, ba su kuma koyi harshen ƙasa ba sai na ciniki. Hausawa suka ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. A Disamba 1927 aka fara kai wa Sinawa hari a garin Iri, abin ya bazu zuwa waɗansu garuruwa, saboda labarin cewa ana korar manoman Koriya a Manchuriya.

Babbar masifa ta zo a Yuli 1931. A wani wuri da ake kira Wanbaoshan, kusa da Changchun a Manchuriya, manoma 'yan Koriya suka haƙa hanyar ruwa don noman shinkafa, ta ratsa gonakin Sinawa ba da yardarsu ba. Masu gonaki suka taru suka cike ramin. 'Yan sandan Japan suka zo suka yi harbi, amma ba wanda ya mutu. Duk da haka jaridar Chosun Ilbo ta fitar da bugu na gaggawa mai nuna cewa ran 'yan'uwa yana cikin hatsari a hannun Sinawa. Ran 3 ga wata aka fara jifan kantuna a Inchon. Daren 5 ga wata aka yi mafi muni a Pyongyang. Jita-jita ta bi gari cewa Sinawa sun kashe 'yan Koriya a wani gidan wanka, ba kuwa gaskiya ba ne. Taron jama'a ya bi titi da sanduna da duwatsu, aka farfasa kantuna, aka watsar da yadi a kan hanya, aka kashe maza da mata da yara. 'Yan sandan Japan, waɗanda ba su barin mutum 10 su taru don zancen 'yanci, a daren nan sun yi nawa ƙwarai. Rahoton da aka kai wa Ƙungiyar Al'ummai daga baya ya kawo lissafin gwamnatin Sin, mutum 127 sun mutu, 393 sun ji rauni. Dubbai suka shiga jirgi suka koma Shandong.

Abin lura shi ne, waɗanda aka kashe ba su san Wanbaoshan ba, ba su da gona a can. Su ne masu kanti da masu lambun da ake gani kullum. Shekaru da yawa na ciniki ba su tsare su ba, gama mai sayen kabeji bai taɓa shiga ɗakin mai lambu ba, balle ya ce, wannan na san shi, ba zai aikata haka ba. Jaridar Dong-A Ilbo, ƙarƙashin Song Jin-woo, ta fito tana roƙon jama'a kada su gaskata labarin ƙarya, shugabannin jama'a kuma suka tara gudummawa suka kai wa waɗanda suka tsira. Wata biyu bayan haka, ran 18 ga Satumba, sojojin Japan suka fara cin Manchuriya, bayan sun ga maƙwabtan nan biyu sun juya wa juna baya.

Bayan an raba Koriya biyu, sojojin Sin suka shiga yaƙi a Oktoba 1950 suna goyon bayan Arewa, a Janairu 1951 suka shiga Seoul. Tsofaffin Kudu ba su manta da wannan gudun hijira cikin ƙanƙara ba. Hwagyo da suka ragu a Kudu suka tsinci kansu a wani hali mai ban tausayi. Hanyar Shandong ta toshe. Takardunsu na Taiwan ne, tsibirin da yawancinsu ba su taɓa takawa ba. A dokar Koriya ta wancan lokaci kuwa ta wurin uba ake gadon zama ɗan ƙasa, saboda haka jikan da aka haifa a Inchon, ko da uwarsa 'yar Koriya ce, baƙo ne. Waɗansunsu sun yi yaƙi a gefen Kudu, amma wannan bai sāke matsayinsu ba.

A zamanin Park Chung-hee aka matsa musu da doka. A 1961 aka kafa dokar da ta ƙuntata wa baƙi mallakar ƙasa. A 1962 aka sāke kuɗin ƙasa farat ɗaya, abin ya bugi waɗanda suke ajiye dukiyarsu a gida. Daga baya aka ƙayyade cewa filin kantin baƙo kada ya wuce wajen murabba'in mita 165. Tsohuwar unguwarsu ta Sogong-dong a tsakiyar Seoul aka rushe ta cikin shekarun 1970, aka gina manyan benaye. A nan ne sanayya ta zama batun ci da sha. Mutumin da doka ta hana shi riƙe gonarsa ko gidan abincinsa, ba shi da dabara sai ya rubuta su da sunan matarsa 'yar Koriya, ko surukinsa, ko abokinsa, ko ma yaron kantinsa. Ba takardar da za ta tsaya masa a gaban alƙali, sai amana kurum. Waɗansu suka riƙe amanar shekara da shekaru suka mayar. Waɗansu suka cinye. Iyalai da yawa suka gaji suka tafi Amurka da Taiwan, yawansu ya ragu daga 30,000 da wani abu zuwa wajen 20,000.

Ga abin mamaki kuma. A cikin waɗannan shekaru ne abincinsu ya zama na kowa. Jajangmyeon, taliya ce da miyar baƙin wake, wadda ta samo asali daga abincin leburorin Shandong a Inchon. Yaran Koriya suka taso suna cinta ranar gama makaranta da ranar tashi zuwa sabon gida. A 2012 aka mai da tsohon gidan abinci na Gonghwachun a Inchon gidan tarihi domin wannan taliya. Ƙasar ta ƙaunaci tuwon, ta bar mai tuƙa shi ya yi ƙaura. Sai a 1998 aka ɗage takunkumin mallakar ƙasa, a 2002 aka ba su izinin zama na dindindin, a 2006 kuma masu wannan izini suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi.

Ran 24 ga Agusta 1992 Koriya ta Kudu da Sin suka ƙulla zumuncin jakadanci, ƙofar da ta yi shekara 40 a rufe ta buɗe. Ciniki ya bunƙasa har Sin ta zama babbar kasuwar Koriya. Mutane suka kwararo. A 2019 masu riƙe da takardun Sin a Koriya ta Kudu sun haura miliyan 1, fiye da rabinsu kuwa Joseonjok ne, wato zuriyar manoman Koriya da suka ƙaura Manchuriya tun dā, irin na Wanbaoshan. Su ne a wuraren gini, da ɗakunan girki, su ne kuma da yawa daga masu jinyar tsofaffi a asibitoci. Ɗaliban Sin a jami'o'i sun kai kimanin 70,000 a wannan shekara. Masu yawon buɗe ido daga Sin sun kai miliyan 8 a 2016.

Duk da wannan cuɗanya, zuciya ta yi ta yin sanyi. Cibiyar bincike ta Pew a Amurka ta tarar a 2002 kashi 31 cikin 100 na mutanen Koriya ta Kudu ne ba su kallon Sin da idon rahama. A 2020 sun kai kashi 75, a 2022 kashi 80. Matasa ma sun fi tsofaffi zafi, abin da ba a cika gani a sauran ƙasashe ba. Dalilan a fili suke. A 2016 Koriya ta yarda Amurka ta kafa na'urar kare makamai masu linzami da ake kira THAAD, Sin ta husata, ta hana ayarin masu yawo zuwa, ta matsa wa kamfanin Lotte har ya rufe kantunansa a can. Baƙin suka ragu zuwa wajen miliyan 4 a 2017. Ga ƙurar da iska take kawowa daga yamma, ga gardama a kan asalin kimchi da tufafin gargajiya, ga annobar korona. Galibin wannan faɗa a intanet ake yinsa, tsakanin mutanen da ba su san fuskar juna ba. Ya kamata a lura kuma, tambayar Pew a kan ƙasar Sin ce, ba a kan mai jinyar kakar mutum ba. Wanda ya san mai jinyar yana da inda zai raba tsakanin gwamnati da talaka. Wanda bai san kowa ba, duka biyu abu guda ne a wurinsa.

Masana halin ɗan adam sun daɗe suna nazarin wannan. A 1954 wani Ba'amurke, Gordon Allport, ya rubuta cewa cuɗanya takan rage ƙyama in mutanen suna tsaye a matsayi ɗaya, suna aiki tare don buri guda, hukuma kuma tana goyon bayan zaman. A 2006 Thomas Pettigrew da Linda Tropp suka tattara bincike 515 daga ƙasashe 38, suka tarar a mafi yawansu sanayya tana tafiya tare da raguwar ƙyama, abota kuwa ta fi kowace irin saduwa ƙarfi. In aka auna da wannan mudu, Hong da Yan Cheng malamai ne biyu a kan tabarma ɗaya. Lebura da lebura a Pyongyang kuwa, mai mulki na uku ne ya tsai da su suna ƙwace lomar juna. Mai yawon da ya sauko daga bas ya sayi man shafawa a Myeong-dong ya koma, shi ma an gan shi, amma ba a san shi ba.

Unguwar Daerim-dong a kudu maso yammacin Seoul ita ce zangon Joseonjok da sauran Sinawa a yau. A 2017 aka fitar da wani fim da miliyoyi suka kalla, wanda ya nuna unguwar kamar kogon 'yan fashi inda 'yan sanda ma suke tsoron shiga. Yawancin masu kallo ba su taɓa zuwa wurin ba. Mazauna unguwar fiye da 60 suka kai ƙara. A 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta ba da shawara a sasanta, kamfanin fim ɗin ya roƙi gafara a rubuce. Ran 24 ga Yuni 2024 wuta ta kama wata masana'antar batir a Hwaseong, mutum 23 suka mutu, 17 daga cikinsu masu takardun Sin ne, yawancinsu mata 'yan aikin wucin gadi. A ranar ne mutane da yawa suka fara sanin ko su wane ne suke yi musu irin wannan aiki.

A Satumba 2025 waɗansu ƙungiyoyi suka yi ta zanga-zanga a Myeong-dong da Daerim-dong suna ihu Sinawa su fita, a kan titunan da yaran unguwa suke bi zuwa makaranta. A cikin watan nan, ran 11 da asuba, wani tsoho ɗan Sin mai shekara 70 da wani abu yana tsintar ƙumba a cikin laka kusa da tsibirin Yeongheung, a yankin Inchon, sai ruwan teku ya taso ya rutsa da shi, ga shi ya ji rauni a ƙafa. Wani jami'in tsaron gaɓar teku, ɗan Koriya mai shekara 34, ya shiga ya same shi. Da ruwa ya yi yawa, ya tuɓe rigarsa ta hana nutsewa ya sa wa tsohon, suka kama iyo tare. Jirgi mai saukar ungulu ya tsamo tsohon da rai. Jami'in kuwa sai da gari ya waye sosai aka sami gawarsa.